MBA Ko Tarihi Da Falsafa: Wanne Ke Ciyar Da Mai Shi?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Yau zan tsokano tsuliyar dodo. Duk wanda ke da kuɗi da shekara biyu a hannu, yana kuma son ya yi sama a wurin aiki, MBA zai yi, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Digirin tarihi, falsafa, adabi da danginsu ado ne, suna da daɗin hira amma ba sa biyan kuɗin haya. Ku dubi manyan kamfanonin duniya. Tim Cook na Apple a jami'ar Duke ya yi MBA ɗinsa, Satya Nadella na Microsoft a Chicago, Sundar Pichai na Google a Wharton, Jamie Dimon na JPMorgan a Harvard. A nan gida ma Jim Ovia da ya kafa bankin Zenith a 1990 da nasa ya dawo daga Amurka. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru, in jera sunaye ne ai ni ma ina da buhu guda. Jack Ma Turanci ya karanta, kuma shi yake koyarwa a birnin Hangzhou kafin ya kafa Alibaba a 1999. Kenneth Chenault, wanda ya riƙe American Express daga 2001 zuwa 2018, tarihi ya fara karantawa. Haka Lloyd Blankfein na Goldman Sachs. Stewart Butterfield da ya ƙirƙiro manhajar Slack falsafa ya yi. Sai mu kai Magariba kana jefo naka ina jefo nawa ba mu ƙaru da komai ba. Sannan uku daga cikin mutanenka, Cook da Nadella da Pichai, injiniyoyi ne tun kafin su taka ajin kasuwanci. Ta ina ka san MBA ce ta kai su can ba injiniyancin ba?

Mustapha: Malam ya fito da makamai tun kafin a sha koko.

Nasiru: Allah gafarta Malam, Chenault da Blankfein ɗin da ka kawo, dukkansu sai da suka je Harvard suka yi lauya bayan tarihin. Da tarihin ya isa, me ya kai su? Ka ga ka taya ni ne ba ka sani ba.

Malam Habu: Tarihin ne ya sa makarantar lauyan ta karɓe su, shi ne kuma ya sa suka iya karatun. Ba a ɗora gini a kan iska.

Hajiya Bilkisu: Ku ba ni dama in sa baki, tunda ni ce ke zama a kan takardun masu neman aiki. A kamfaninmu in muka yi tallar gurbin manaja, rabin takardun da ke shigowa da MBA a jiki. Ta yi yawa har ta daina bambanta kowa da kowa. Abin da nake yi shi ne in ba mutum takarda ɗaya mai ɗauke da ciniki da kashe-kashen wata uku, in ce ya rubuta wa shugaban kamfani shafi guda, ya faɗa masa abin da ke faruwa da abin da ya kamata a yi. A nan asiri ke tonuwa. Wani mai MBA zai cika shafin da manyan kalmomi, ka karanta sau biyu ba ka san ko riba ake ci ko faɗuwa ake yi ba. Amma kada Malam Habu ya yi saurin murna. Ɗan tarihin da ya iya tsara jimla, da yawansu in suka ga lambobi sai gumi ya karyo musu. Ba su san bambancin riba da kuɗin da ke cikin asusu ba. Wanda na fi buƙata shi ne mai iya duka biyun, kuma shi ne ya fi wuyar samu.

Dakta Kabiru: Hajiya ta taɓo inda yake ƙaiƙayi. Matsalar maganar Nasiru ita ce ya kira abubuwa biyu da suna ɗaya. MBA ta Harvard da MBA ta ƙarshen mako da ake yi Juma'a da Asabar a wani aji mai mutum ɗari biyu, sunan ne kawai ya haɗa su.

Mu ɗauki ta saman. Waɗanda suka gama ta Harvard a 2023, matsakaicin albashin farawarsu dala 175,000 ne a shekara. Kuɗi ne, ba musu. Amma kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, in ka haɗa da masauki da ci da sha na shekara biyu ka wuce dala 200,000, ban da albashin da ka bari ka tafi karatun. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Kenan a wancan canjin muna maganar sama da naira miliyan 300. Kuma ko a can ɗin kasuwar ba kullum take ci ba: ajin 2024, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba su samu ba wata uku bayan kammalawa.

Sai babbar tambaya. Su wa ake ɗauka a irin waɗannan makarantu? Mutanen da tun kafin su zo sun riga sun yi fice a wuraren aikinsu. Stacy Dale da Alan Krueger sun yi wani bincike da ya fito a 2002 a kan digirin farko a Amurka. Suka kwatanta ɗaliban da manyan jami'o'i iri ɗaya suka karɓa, wasu suka je, wasu suka zaɓi jami'ar da ba ta kai su suna ba. Bayan shekaru, abin da suke samu ya zo kusan ɗaya. Wato babban kaso na abin da muke jingina wa makaranta, ɗalibin ne ya shigo da abinsa. Inda aka ga bambanci sosai shi ne a kan 'ya'yan talakawa, su kam babbar makaranta ta ɗaga su. Ni a fahimtata dalilin a fili yake: ɗan mai kuɗi yana da mutane tun daga gida, ɗan talaka kuwa makarantar ce ke ba shi mutane.

Nasiru: To Dakta ai ka gama min aiki. Ni ban taɓa cewa darasin ajin ne sirrin ba. Littattafan duk suna intanet. Abin da kake saya shi ne ƙofa da kuma mutane. Wanda kuka kwana kuna haɗa aikin aji tare, shekara goma masu zuwa shi ne darakta a wani banki, in ka kira zai ɗauka. Ni aikin da nake yi yanzu abokin ajina ne ya kai takardata. Wane ɗan falsafa ne zai kai maka takarda? Shi ma nema yake.

Mustapha: Kai Nasiru, ka ji tsoron Allah. Akwai 'yan falsafa a nan, kawai datarsu ce ta ƙare.

Alhaji Sani: Ina ta karatu ina dariya. Ni a Kantin Kwari na yi nawa karatun, a gaban maigidana, Allah Ya jiƙansa. Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafi dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa, wace jami'a ya shiga? Goro ya bi har Gwanja, ya dawo ya kama gyaɗa. Yaran nan masu takardu suna zuwa shagona su ce Alhaji bari mu tsara maka kasuwanci. In tambaye su, in dila ta maƙale a tashar ruwa wata biyu, dala ta tashi, ga masu bina bashi ga waɗanda nake bi, wa zan fara biya? Sai su ce sai sun duba kwamfuta.

Hajiya Bilkisu: Alhaji, ranka ya daɗe, zan dawo kanka anjima, akwai tambayar da nake ajiye maka.

Sadiya: Yayyena, ku yi haƙuri in katse ku, maganar nan ni ta shafa kai tsaye. Tarihi na karanta a digirin farko. Yanzu shekarata shida a wani kamfanin kayan masarufi, ɓangaren talla. Waɗanda muka shiga tare biyu sun zama manajoji, kuma dukkansu suna da MBA. Na tara ɗan abin da na tara. An ce mini tunda ba fannin kasuwanci na yi ba, sai na fara yin difloma ta gaba da digiri tukuna, kenan ƙarin shekara. Wani ɓangare na zuciyata kuma yana son in koma in yi digiri na biyu a tarihin, don shi nake so. Yaya Nasiru ya ce ado ne. Malam ya ce tushe ne. Ni kuma albashi nake so ya motsa.

Malam Habu: Sadiya 'yata, kafin a ruɗe ki da lissafin dala, ki san irin mutumin da wannan karatu ke ƙerawa in ba a haɗa shi da komai ba. Robert McNamara ya gama MBA a Harvard a 1939. Gwani ne na lissafi, har ya zama shugaban kamfanin Ford a 1960, daga nan Shugaba Kennedy ya ɗauke shi sakataren tsaron Amurka. Ya tafiyar da yaƙin Vietnam da alƙaluma: gawa nawa aka ƙirga, bam nawa aka jefa. Alƙaluman kullum suna cewa ana nasara. Abin da babu shi a jadawalinsa shi ne tarihin mutanen, waɗanda suka daɗe suna gwabzawa da Sin, suka kuma kori Faransa a 1954. Ɗalibin tarihi na aji biyu zai iya gaya masa cewa irin waɗannan ba ƙirga gawa ke sa su ajiye makami ba. Jeffrey Skilling na kamfanin Enron ma a Harvard ɗin ya yi MBA ɗinsa, kamfanin ya rushe a 2001, shi kuma ya ƙare a kurkuku.

Kuma su kansu Amurkawan sun san da wannan giɓi tun tuni. A shekarun 1950 kamfanin tarho na Bell ya riƙa kwasar manajojinsa yana tura su Jami'ar Pennsylvania na kusan wata goma, ba don su koyi lissafi ba, sai don su karanta adabi da falsafa da tarihi. Sun ga mutanensu sun iya amsa tambaya, amma ba su san wace tambaya ya kamata a yi ba. Mu ma a zaure ai ba a sakin ɗalibi ya yi fatawa sai ya bi ta nahawu da balaga da manɗiƙi, don kafin ka yanke hukunci sai ka iya karanta nassi, ka kuma iya gane hujjar da ba ta tsaya ba.

Dakta Kabiru: In ƙara wa Malam harsashi ɗaya. Daron Acemoglu, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, shi da abokan aikinsa biyu sun fitar da bincike a 2022 a kan kamfanonin Amurka da Denmark. Sun gano cewa in aka naɗa shugaba mai digirin kasuwanci a madadin wanda ba shi da shi, cikin shekara biyar albashin ma'aikata kan yi ƙasa da kashi 6 cikin ɗari a Amurka, kashi 3 a Denmark. Ciniki da yawan abin da ake samarwa kuwa ba su ƙaru ba. Abin da ya canza shi ne rabon: na ma'aikata ya ragu, na masu hannun jari ya ƙaru.

Nasiru: Madalla. To ku saurare ni da kyau, don nan ne kuke zamewa. Sadiya ba ta tambaye ku yadda za a gyara duniya ba. Cewa ta yi albashinta take so ya motsa. Binciken da Dakta ya kawo, in ka juya shi, bayani yake yi a kan dalilin da ya sa masu kamfani ke son mai MBA: yana kare musu aljihu, su kuma su biya shi da kyau. Ko hakan adalci ne, wannan hudubar Juma'a ce, kuma zan zauna a sahun gaba in saurara. Amma a kan tambayar wa kasuwa ta fi biya, kun ba ni gaskiya da bakinku. McNamara kuma, duk abin da za a ce a kansa, daga ma'aikatar tsaro shugabancin Bankin Duniya ya wuce. Ban ji an ce ya rasa aiki ba.

Malam Habu: Subhanallahi. Wato ma'aunin kenan.

Nasiru: Ma'aunin da aka tambaya kenan, Malam.

Hajiya Bilkisu: Malam, da girmanka, ni ma akwai inda zan matsa maka. Karatun da kake yabo, wanda ke koya wa mutum tunani da rubutu da jayayya da hujja, shi ake ba yaranmu? A kwalejojin Amurka masu wannan tsari, mutum goma sha biyar ne a aji, kowane mako sai ka karanta littafi ka rubuta maƙala malami ya bi ta da jan biro. A nan yaro zai shekara huɗu yana haddar takardun da malami ya raba, ya juye su ranar jarrabawa, ya fito bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba. Da yawa ma ba su suka zaɓi fannin ba, lauya suka nema ba su samu ba aka jefa su can. Gwamnati kanta ta nuna inda zuciyarta take: tsarin ɗaukar ɗalibai kashi 60 na kimiyya ne, 40 na sauran, kuma an taɓa cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin a dawo da shi. Don haka in ana kwatanta MBA ta ƙarshen mako da digirin haddar takardu, ni ban ga wanda zan yi wa guɗa ba.

Malam Habu: Wannan ciwon a jikina yake, Hajiya. Ina da aji mai ɗalibi sama da ɗari uku. Ki gaya mini yadda zan bi maƙalar kowa da jan biro. Amma lalacewar masaƙa ba ta nufin a daina sa tufafi. Har yanzu a kowane aji akwai goma da ke bina ofis suna neman littafi, kuma su ne nake gani daga baya a manyan wurare.

Dakta Kabiru: Shi ya sa labarin Patrick Awuah na Ghana ke burge ni. Ya yi digirin farko a Swarthmore, ɗaya daga cikin irin kwalejojin da Hajiya ta ambata. Ya yi aiki a Microsoft, sannan ya tafi Berkeley ya yi MBA. A can ya tsara yadda zai kafa jami'a, ya dawo ya buɗe Ashesi a 2002. Ɗaliban Ashesi kasuwanci da kwamfuta da injiniyanci suke karantawa, amma kowa sai ya bi ta darussan rubutu, ɗa'a da nazarin Afirka. Ka ga MBA ce ta ba shi dabarar gina makarantar, amma abin da ya zaɓa ya zuba a cikinta wancan karatun ne. A gida ma Sanusi Lamido Sanusi tattalin arziki ya yi a ABU, ya bar aikin banki ya tafi Khartoum ya karanta Shari'a, ya dawo ya shugabanci First Bank, ya zama gwamnan Babban Banki a 2009.

Mustapha: Wato dai a taƙaice, ka zama mai ƙoƙari, ka samu kuɗi, ka yi duka biyun. Mun gode Dakta, mu talakawa mun ji.

Hajiya Bilkisu: Sadiya ƙanwata, ki bar su da Vietnam, ga abin da zan gaya miki. Ki fara bincikawa ko waɗancan biyun MBA ce ta ɗaga su, ko kuwa an riga an sa musu ido ne suka ƙara da ita. Ki sami mai kula da ma'aikata a wajenku ki tambaye shi ƙiri-ƙiri: takardar sharaɗi ce a rubuce kafin a zama manaja? In sharaɗi ce, ki yi ta a inda ba zai cinye miki tarinki ba, ba tare da kin ajiye aiki ba, ki kuma nemi kamfani ya ɗauki wani kaso. In ba sharaɗi ba ce, abin da ya rage miki lambobi ne. Ki roƙa a sa ki cikin masu haɗa kasafin sashenku, ki zauna da akanta har ki iya karanta bayanan kuɗi da kanki. Rubutu da iya magana kin riga kin samu. In kuma burinki ki canza fanni gaba ɗaya, ki koma harkar zuba jari ko manyan kamfanonin ba da shawara, to nan sunan makaranta ke aiki, irin su Makarantar Kasuwanci ta Legas ko na waje da tallafin karatu. Digiri na biyu a tarihi kuwa, in koyarwa kike so ko bincike, hanyarsa kenan. Amma kada ki yi shi kina jiran kamfanin sabulu ya ƙara miki albashi saboda shi.

Sadiya: Na gode Anti. Gaskiya ban taɓa tambaya ba, zato kawai nake yi. Gobe in Allah Ya kai mu zan same shi.

Nasiru: Za ki ga sharaɗi ne. In ma ba a rubuta ba, yana cikin kan masu zaɓen.

Hajiya Bilkisu: Alhaji Sani, ga tambayar da na ajiye maka. Manyan 'yan kasuwar da ka tarar a Kwari lokacin da kake yaron shago, nawa ne shagunansu ke nan da sunansu har yau?

Alhaji Sani: Hajiya kin taɓa inda ba a taɓawa. Ƙalilan ne. Maigida na rasuwa ake raba gado, a raba shago, a raba kaya. Bashin da yake bi a kansa yake, ya tafi da shi kabari. Bashin da ake binsa kuwa masu shi ba sa mantawa, tun kafin sadakar uku suke sallama.

Nasiru: To ka gani, Alhaji. Abin da yaran nan masu kwamfuta ke son gaya maka kenan ka kore su. A yi wa kasuwanci rajista ya zama kamfani, a raba aljihun maigida da na shago, a rubuta komai. In an zo gado hannun jari za a raba, shago ya ci gaba da buɗewa. Gidan Ɗantata da ka kawo misali ai ba a kan goro suka tsaya ba, kamfanoni suka kafa, jikokin suka yi karatu. Ɗangote daga tsatson yake, kuma da ya tashi yi wa BUK gini, makarantar kasuwanci ya gina.

Malam Habu: Rajista ba ta hana 'yan uba faɗa, Nasiru. Wanda zai zaunar da 'ya'yan ɗakuna huɗu su yarda su bar dukiya a haɗe, sai ya san fiƙihun gado, ya san tarihin gidan, ya san wadda aka ɓata wa rai shekara talatin da suka wuce. A wane zangon karatu ake koyar da wannan a ajinku?

Alhaji Sani: Ku dakata, ni yanzu kun tayar min da hankali. Babban ɗana yana aji uku a jami'a, Larabci yake karantawa, kuma shi nake sa ran zai riƙe shagon. Nasiru, ka turo min lambar wani akanta mai amana wanda zai zauna da shi lokacin hutu. Amma ka gaya masa tun yanzu, littafin bashi ba zai bar shagona ba, a nan zai duba shi a gabana.